Sawun Zalɓe

Kaltume tana cikin auna wa wata Bafillatana gero a kasuwar Goronyo sai direban motar albasa ya zo ya tsuguna a gabanta. Direba ba ya tsuguna wa mai awo. Tun bai buɗe baki ba ta san ba alheri ya kawo shi ba.

"Inna, daga Wurno nike. Sai haƙuri. Habi mai daddawa ta cika jiya da asuba, har an kai ta."

Ta ƙarasa cika mudun, ta juye wa matar, sannan ta yi salati. Ta bar wa maƙwabciyarta sauran geron, ta ja zane ta rufe kai, ta bi direban. Ko gida ba ta koma ba, aike kawai ta yi wa 'ya'yanta.

Habi yayarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ta. A bayan motar, tsakanin buhuna, Kaltume ta yi ta ƙoƙarin tuno fuskarta, amma hannunta kawai ke zuwa mata: baƙin hannu mai tabon ƙuna a babban yatsa, riƙe da wuƙa.

Wuƙar nan da tsufa ta same ta. Tun tana amarya Habi take dafa kalwa tana yin daddawa, ba wanda ya taɓa jin ta ce wani abu ya yi kyau in ba miya ba. Sai bayan mijinta ya rasu, furfura ta gama rufe mata kai, wata rana ta manta wuƙa a bakin murhu. Da ta ciro ta, don kada wani ya taka, sai ta ɗora ta a bayan wata tsohuwar ƙwarya. Wuƙar ta bar baƙin zane mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Habi ta zauna tana kallonsa har kalwarta ta kama. Daga nan ta mai da wuƙar wuta, ta ƙara wani kusa da shi.

Ta fara bin mata masu tallan nono. Tsohuwa da ita, ta tsuguna gaban 'yan matan Fulani tana tambayar yadda ake riƙe ƙarfe a juya shi a bayan ƙwarya. Kaltume ta zo ziyara ta tarar da ita haka, ta kuwa yi mata tas.

"Yaya, ke da ya kamata ki riƙe tasbaha? Mutane na yi miki dariya."

"Su yi, haƙoransu ne," in ji Habi. "Ni sai yanzu idona ya buɗe. Kin taɓa duban bayan ganyen kabewa da kyau? Tahi ki duba."

Kaltume ba ta je ta duba ba.

Da liman ya aiko cewa zana abu mai rai ba kyau, Habi ta ce ta ji ta bi. Ba ta ƙara zana kifi ko tsuntsu ba. Sai ta koma zuwa bakin gulbin Rima da sassafe tana duban laka, tana ɗauko abin da masu rai suka bari: sawun tsuntsaye, sawun kaguwa, jan cikin maciji, hanyar tururuwa. Bayan damina liman da kansa ya aiko da masakin gidansa a yi masa.

Ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. Marainiyar da za a kai ɗaki ba ta da kwano ba ta da tasa, Habi ce ke jera mata ƙore, har amaren da aka jera wa kayan kanti su zo kallo. Kutaren bayan kasuwa da ake zuba wa koko a sakaina, kowanne ta yi masa ƙoƙonsa.

Sannan aka shiga siyasa. Samarin wata jam'iyya suka fara lacca a bakin kasuwa, suna cewa talaka ya daina barin gonarsa a tsakiyar damina yana tafiya noman gandun hakimi a banza. Habi ta ajiye faifan daddawa ta saurara har ƙarshe. Ba a daɗe ba aka kwashe su aka kai gidan yari a birni, mutane suka daina gaisawa da iyalansu ko a rijiya. Habi ta ce ta ji an ce mata ba sa jefa ƙuri'a, amma ba ta ji an ce ba sa girki ba. Ta riƙa shiga gida-gida da tallan daddawa, tana fitowa da ɗan gero, ɗan ƙuli-ƙuli, ɗan busasshen kifi a ƙasan kwando. Rabi ga iyalan, rabi birni. Iyakar abin da Kaltume ta sani ke nan, shi ma a bakin mutane ta ji, don da ta tambaya Habi cewa ta yi ta ji da awonta.

Motar ta sauke ta a Wurno da la'asar. Gidan ya cika da mata. Ƙasimu, ɗan Habi, wanda ke ɗinki wa gidan hakimi, ya durƙusa ya yi mata gaisuwa, matarsa Safara'u ta shimfiɗa mata tabarma a ɗakin marigayiyar. Washegari aka yi sadakar uku. Tun da safe ake daka gumba ana toya masa, ana zubawa a duk abin da hannu ya kai gare shi ana rabawa gidaje.

Bayan azahar Mainasara ya shigo. Taubashinsu ne, ɗan gwaggonsu, mai jakai da ke kai albasa birni. Ya leƙa ɗakin ya ga Kaltume.

"Ke tsohuwar Goronyo, har yau mutuwa ba ta gane gidanki ba?"

"Naka ta nufa, warin jakai ya kore ta."

Suka yi 'yar dariya. Mainasara ya ja bakin rawani ya share ido, ya zauna a dokin ƙofa ya rage murya.

"Ƙwaryar Halliru na zo ɗauka. Gobe da hantsi ake amsar abinci ƙohwar gidan yari. In na yi la'asar zan kama hanya."

"Wane ne Halliru?"

Sai ya ba ta labari. Ba a barin kowa ya ga 'yan siyasa, abinci kawai ake karɓa a ƙofa. Da farko duk abin da aka kai nan bakin ƙofa yake ƙarewa, don ƙwarya marar zane kowa na iya cewa tasa ce. Shi ne Habi ta yi wa kowane fursuna tasa. Manomin albasa ta zana masa fangalin lambu, mai jaki ta yi masa kofato. Akwai wani ganduroba mai tsoron Allah da ya haddace su, shi ke shiga da su ya fito da su. Yanzu duk an sako sauran, saura Halliru, wani masunci daga Rimawa, ba uwa ba uba, matarsa ma ubanta ya zo ya tafi da ita. Dogo ne siriri mai dogon wuya, shi ya sa Habi ta yi masa sawun zalɓe. Duk tafiya sai ta ƙara sawu ɗaya sabo, don ya san ba tsohuwar ƙwarya aka ƙwace ake yaudararsa da ita ba.

"Hukuma ta ce mishi in ya hwaɗi sunan masu ciyar da iyalan, ya tuba gaban jama'a, ranar za a sake shi," in ji Mainasara. "Ya ƙiya. To wancan zuwa Habi na kwance, ban kai komi ba. Anka ce mishi ka gani, garin ya manta da kai. Ganduroba ya ce tun ranar ya bar cin abinci. In gobe ma ba a ga ƙwaryar ba, ko dai shi mutu ko shi yi magana. In ko ya yi magana, rabin matan unguwarga ne."

Kaltume ta tashi ta duba ragayar da ya nuna mata. Babu komai. Ta duba ƙarƙashin gado, ta duba bayan randa. Ta kira Safara'u.

"Mai zanen ƙahwar tsuntsu? Ai ita na ga ta hi kyau dut ɗakin, Inna. Ita na zuba wa gidan hakimi masa a ciki. Na ce kada a kai musu a abin kunya."

Mainasara ya dafe kai. Ƙasimu, da ya jiyo maganar daga tsakar gida, ya matso.

"Inna, don Allah ki bar ta. Ta tahi ke nan. Tun tana da rai nike roƙonta ta bar sha'anin nan. A gidan nan nike cin abinci. Kuma wa ya taɓa zuwa gidan sarauta biɗar ƙwarya?"

Gaskiya ya faɗa. Abin da aka kai sadaka a ciki gidan sarauta ba a binsa. In sun ga dama su aiko da shi bayan kwanaki, in ya yi musu kyau su riƙe. Kaltume ta dubi ɗan yayarta, ta ga tsoro ne ba mugunta ba. Ita ma tsoron take ji. Ba ta san Halliru ba, ba ta san jam'iyya ba, ko sunanta ba ta iya faɗa daidai. Amma ta ga tabarmar Habi a naɗe jikin bango, da wuƙar a soke cikin jinka.

"Ba ka aike ni ba, Ƙasimu," ta ce. "In an tambaye ka, ka ce tsohuwar Goronyo ce, baƙin ciki ya taɓa mata kai."

Ta ja zanenta ta fita.

Dogarin ƙofa ya bar ta ta wuce da ta ce godiyar gaisuwa ta zo yi. Wata kuyanga ta bi da ita zaure bayan zaure har sashen Iya Turai, mahaifiyar hakimi. Tsohuwa ce ƙarama, tana zaune a kan buzu tana kaɗi. Ga ƙwaryar nan a gefenta, har an wanke ta an zuba auduga a ciki. Karo na farko ke nan da Kaltume ta tsaya ta kalli aikin yayarta. Sawun ya taso daga gindi, siriri, tsaf, yana hawa yana zagayawa, wani wuri taku ya matsu kamar tsuntsun ya hango kifi, wani wuri ya buɗe. Har ƙananan ɗigon ruwa ta yi a bayan kowace ƙafa.

Ta durƙusa. Aka yi gaisuwa, aka yi wa Habi addu'a. Turai ta jira ta tashi, ba ta tashi ba.

"Da sauran magana?"

"Ranki shi daɗe, ƙwaryar nan na biyo."

Kuyangar ta rufe baki da hannu. Turai ta ajiye mazari.

"Ƙwarya. A gidanga."

"Ita, ranki shi daɗe."

"Ke, ɗauko mata kwanon kanti sabo. Ɗauko biyu."

"Allah shi ƙara girma. Ba tawa ba ce balle in musanya."

"Ta wa ce?"

Kaltume ba ta iya ƙarya ba, tun tana yarinya Habi ke cewa fuskarta ce ke tona ta. Ta dubi ƙasa.

"Ta wani maraya ce da Yaya ke ciyarwa."

Turai ta ɗauki ƙwaryar ta kifar da audugar a kan buzu. Ta juya ta a hankali, tana bin sawun da yatsa. Ta daɗe haka. Sannan ta ce wa kuyangar ta tafi ta ɗebo mata garwashi a sashen uwargida, ta tsaya ya ruru tukuna. Da sawunta ya ɓace, tsohuwar ta ce:

"Marayan nan dogo ne? Mai wuya kamar muciya?"

Turai ba ta jira amsa ba.

"Shi ke kawo mini ragon ruwa in damina ta ja baya. Bai iya gaisuwa ba, amma kihinshi bai taɓa kwana ba." Ta sake juya ƙwaryar. "Kin san na taɓa aika wa yayarki ta yi mini guda? Ta ce a hwaɗa mini akwai marayu gabana, in jira. Ni, a garin ɗana. Na yi hushi har na gaji na koma dariya. Na yi ta jira. Yau da anka shigo da wagga na ce to, Habi ta tuna da ni."

"Ki yi haƙuri, ranki shi daɗe."

"Mi za a yi in ba shi ba."

Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ƙuryar ɗaki da ƙwaryar. Kaltume tana jin ana buɗe tukwane. Da ta fito, ƙwaryar cike take da dambun nama, da ƙullin yaji, da curin gumba mai zuma, an rufe da faifai.

"Gidanga ba a mai da ƙwarya wayam. Gari na ɗana ne, tukunyar tawa ce. Ban tambaye ki hanyar da za ta bi ba, kada ki hwaɗa mini. Sa ta cikin zane, ki bi ta ƙohwar mata."

Kaltume ta iso gida ana kiran la'asar. Mainasara ya riga ya ɗaure wa jakai kaya. Ya buɗe faifan, ya shinshina, ya dube ta.

"Wanga dambun ba na talaka ba ne."

"Ci za ka yi ko kaiwa?"

"Kaiwa. Amma da saura. Ba sabon sawu."

"To wa zai yi? Mai yi ta tahi."

"Ke mana. Ba nono ɗaya kunka sha ba?"

"Ni ko kwalli ban iya ja daidai ba, Mainasara."

"Wannan kowa ya sani, muna ganin idonki. Amma in ya ga ba sabo, cewa zai yi sun kama Habi sun ƙwace ƙwaryar. Gara ba a kai ba."

Wutar masar sadaka ba ta gama mutuwa ba. Kaltume ta juye abincin a akushi, ta zaro wuƙar daga jinka. Bakinta ya siranta saboda shiga wuta, ƙotar ta lotsa daidai inda babban yatsan Habi ke zama. Ta tura ta cikin garwashi. Matan da ke zaman makoki suka zuba mata ido. Ƙasimu yana tsaye a ƙofar zaure, can sai ya juya ya ja asabari ya rufe ƙofar don kada na waje su gani.

Ta kifa ƙwaryar a kan cinya, ta nemo inda sawun ƙarshe ya tsaya. Yatsu uku gaba, ɗaya baya. Abu kaɗan. Ta ciro wuƙar ta yi ja wur, ta yi bisimilla ta ɗora.

Hayaƙi ya tashi da ƙauri. Wuƙar ta nutse fiye da yadda ta so, ta bar baƙin tabo mai kauri. Yatsa na biyu ya karkace ya hau na farko. Na uku ya yi gajere. Na baya kuwa saura kaɗan ya huda ƙwaryar. Da ta ɗaga ta duba, ga sawun Habi siriri kamar da allura aka yi, ga nata a gaba kamar an taka da ƙafar agwagwa.

A nan kukan ya zo mata, wanda bai zo a kasuwa ba, bai zo a mota ba. Ta rungume ƙwaryar tana yi. Mainasara ya bari ta yi mai isarta, sannan ya miƙo hannu.

"Kawo. Zalɓen ya ji ciwo, amma sabo ne. Rana na tahiya."

Bai dawo ba sai ranar Asabar da hantsi. Kaltume tana shara ta ji kukan jakai, ta yar da tsintsiya ta fito zaure. Ya sauko da ƙwaryar daga cikin mangala ya miƙa mata. Babu komai a ciki, an wanke ta tas.

"Ya ci?"

"Bari in sha ruwa mana, ke ba ki da tausayi?"

"Mainasara."

"Ya ci. Ganduroba ya ce da ya miƙa mishi, bai buɗe ba, juya ta ya yi shina biɗar sabo. Da ya gani ya sa yatsa a kai ya daɗe. Sai ya ce, yaushe ta rasu? Ganduroba ya hwaɗa mishi. Ya juya gabas ya yi mata addu'a. Sannan ya ce, to wa ya yi wanga? Ganduroba ya ce ƙanwarta ce, daga Goronyo. Ya ce, ashe da saura. Ya jawo ya ci, har ya ba na kusa da shi."

Kaltume ta zauna a kan dakali.

"Kuma Halliru ya ba da saƙo gare ki. Ya ce da can in ya kawo kihi yakan zauna shina kallon Habi tana aiki. Ya ce ba ta ɗora wuƙa tana ja. In ta ciro ta sai ta hura mata iska, ta jira jan ya dushe, sannan ta taɓa. Ya ce a hwaɗa miki, don kada ki huda mishi ƙwarya."

Kaltume ba ta koma Goronyo ba a wannan rani. Ta aika aka kawo mata kayanta, ta gaji kwandon tallan daddawa da gidajen da ake shiga da shi. Halliru ya fito bayan kaka, ya rame har ba a gane shi, bai faɗi sunan kowa ba. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ya tafi da ƙwaryarsa, rabinta aikin Habi, sauran nata.

Yanzu ta tsufa fiye da yadda Habi ta tsufa. Kullum in ta sauke tuwo, kafin wuta ta mutu, takan tura wuƙar cikin garwashi ta jawo sakaina. Marayun unguwa suna karɓar ƙorenta da godiya, ko da yake kowa ya san ba su kai na da ba. In wuƙar ta yi ja sai ta ciro ta, ta kawo ta kusa da baki, ta hura mata iska a hankali, ta jira.